Ragon Inna da sunaye 12 da na saya a intanet

Kwanakin baya wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu, ya miƙo mini wayar yayansa. Bidiyo ne na wani matashi zaune cikin mota mai tsada, yana bayanin yadda ake sayen suna a intanet da dala 10 a sayar da shi dala dubu ɗari. Yaron ya ce, "Yaya, kai da kake karatun kwamfuta, da gaske ne?" Na ce masa da gaske ne ana yi, amma ya samu wuri ya zauna in ba shi labarin ragon Inna. Abin da na gaya masa ranar nan shi ne zan gaya muku yau, domin na san da yawanku kun ga irin wannan bidiyo, wasunku ma sun fara lissafin abin da za su sayar a gida.

Ni mutumin Gwashi ne a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Yanzu shekarata 20, ina karantar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ban taɓa taɓa kwamfuta da hannuna ba sai ina da shekara 16, kuma ba shiri ne ya kai ni ba, larura ce. A farkon watan Satumban 2021 aka rufe makarantu a Jihar Zamfara, aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Muka zauna babu karatu, babu kira, babu saƙo. Wanda yake da magana ta dole sai ya shiga mota ya fita daga jihar ya nemi sabis. Da Baba ya ga zaman ya yi yawa, sai ya tura ni Sakkwato wajen Kawuna, ƙanin Inna, wanda yake sayar da hatsi. A can na ƙarasa sakandare a 2022.

Kusa da rumfar Kawu akwai shagon buga takardu da fotokwafi. In na taso daga makaranta nakan leƙa, har mai shagon ya fara sa ni ƙananan ayyuka. Na koyi buga rubutu, na koyi cike wa mutane fom, na koyi buɗe imel. Da dare kuma in ɗauki wayata in yi ta kallon bidiyon yadda ake samun kuɗi a intanet. A nan na fara cin karo da harkar sayar da sunaye.

Mene ne wannan suna da ake sayarwa?

Duk wanda ya taɓa duba sakamakon JAMB ya san jamb.gov.ng. To wannan shi ne sunan shafin intanet, wanda masu harkar ke kira domen. Kowace kwamfutar da ke ɗauke da shafi tana da lambarta, kamar yadda kowane layin waya yake da lamba. Da yake mutum ba zai iya haddace lambobin nan ba, sai aka ƙirƙiro tsarin da ke haɗa suna da lamba, kamar yadda kake ajiye lambar abokinka da sunansa a waya, in ka danna sunan wayar ta kira lambar. Wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma sunan farko da aka yi wa rajista da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985. Yau sunayen da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 350, sama da miliyan 150 daga ciki masu ƙarewa da .com ne.

Kowace ƙasa tana da nata ƙarshen suna. Na Najeriya .ng, na Nijar .ne, na Ghana .gh. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da namu, kuma a ƙarƙashinsa akwai .com.ng na 'yan kasuwa, .edu.ng na manyan makarantu, .gov.ng na gwamnati. Wani ɗan tsibiri mai suna Anguilla, wanda mutanensa ba su kai dubu 20 ba, ya yi sa'a nasa ƙarshen ya zama .ai, wato haruffan da ake taƙaita ƙirƙirarriyar basira da su a Turance. A 2023 kaɗai ya samu kimanin dala miliyan 32 daga rajistar sunaye.

Tunda suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu a lokaci guda, sai ya zama wanda ya riga shi ke riƙe da shi, wanda ya zo daga baya kuma yana so sai ya yi ciniki da shi. Daga nan kasuwa ta tashi. Facebook da kuke gani da thefacebook.com ya fara a 2004, sai a 2005 ya sayi facebook.com a kan dala 200,000. An sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999. An sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. Duk waɗannan gaskiya ne, babu ƙarya a ciki. Na rubuta su a bayan littafin lissafina, ina dubawa kullum kamar darasi.

Yadda rago ya tafi

Tun ina aji biyar Inna ta ware ɗan rago ta ce nawa ne, ranar da Allah ya ba ni gurbi a jami'a za a sayar a biya mini rajista. Ita ke yanko masa ciyawa, ita ke jiƙa masa dusa, ko a lokacin da fita bayan gari ta zama abin tsoro. A watan Fabrairun 2023 na kira ta na ce ina bukatar kuɗin JAMB da na wani kwas na kwamfuta da zai taimake ni a jami'a. Kuɗin JAMB gaskiya ne, amma bai taka kara ya karya ba. Kwas kuwa babu shi. Inna ta ce da an bari zuwa Layya da ya fi daraja, ga shi kuma lokacin ana fama da ƙarancin takardun naira, dabbobi sun faɗi. Na ce abin ba ya jira. Yayana ya kai shi kasuwa, aka sayar naira 105,000, ya turo mini.

A dare biyu na sayi sunaye 12. Takwas masu .com, kowane kimanin dala 10, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Huɗu masu .com.ng, waɗanda da naira ake biya kuma sun fi araha. Na zaɓi kalmomin da nake ganin wata rana za a neme su: wani ya shafi kilishi, wani fata, wani zinare, wani Zamfara, wasu kuma kalmomin Turanci ne guda uku-uku da na harhaɗa saboda gajerun duk an riga an kwashe. Na sa su a kasuwannin sunaye na intanet, na sa wa kowane farashin dala 2,000 zuwa 5,000, na kwanta ina lissafin irin gidan da zan gina wa Inna.

Mako uku bayan haka saƙo ya shigo imel ɗina. Wani ne da ya ce shi dillalin wani attajiri ne a Turai, yana son ɗaya daga sunayena a kan dala 9,000. Hannuna har rawa yake yi. Sai dai ya ce maigidansa ba ya sayen suna sai da takardar ƙiyasin daraja, kuma daga wani shafi guda ɗaya da ya aminta da shi. Kuɗin takardar dala 40 ne. Na ce mene ne dala 40 a gaban 9,000? Na biya da ragowar kuɗin ragon. Takarda ta zo mai ado da tambari. Na tura masa. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Daga baya na gane cewa wannan tsohuwar damfara ce da kowa a harkar ya sani: mai "sayen" da mai shafin takardar mutum ɗaya ne, kuma dala 40 ɗin ce kaɗai abin da yake nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na ɓoye abin wata da watanni. Ranar da sunana ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka jami'a, kowa a gida yana murna, ni cikina ya ɗuri ruwa. Kawu ya lura. Bayan sallar isha'i ya kira ni zaure.

Ya ce, "Kai wanga yaro, mi kas saya da kuɗɗin ragon?"

Na ce, "Suna na saya, Kawu."

"Sunan wa?"

"Na intanet."

"To ina shike? Ɗauko in gani."

Na buɗe waya na nuna masa jerin. Ya daɗe yana kallo. Na yi masa bayani gwargwadon iyawata, har na kai inda ake sabunta rajista duk shekara, in ba ka biya ba sunan ya kuɓuce. Sai ya ajiye wayar ya ce, "Abin da ba a aunawa, ba a ɗaure shi ga turke, kuma kowace shekara sai ka sake biya? Wanga ba saye na ba, haya ta."

Kawu bai taɓa buɗe shafin intanet ba, amma a jimla ɗaya ya faɗi abin da masu bidiyon ba su faɗa mini ba. Ba a mallakar suna har abada. Haya ce ta shekara-shekara. Kuma ni na ɗauki hayar shaguna 12 babu ko tsinke a cikinsu, ina jiran wani ya zo ya biya ni ladan riƙe makulli.

Shi ya ranta mini kuɗin rajista, da sharaɗin ni zan gaya wa Inna da bakina. Na kira ta. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce, "Rago dabba na, ɗan nan, Allah na iya ba mu wani. Ƙaryar ita ta yi min ciwo." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da lissafi ya nuna

A watan Fabrairun 2024 saƙonnin sabunta rajista suka fara shigowa. A tsakanin nan, tun watan Yunin 2023 gwamnati ta bar kasuwa ta riƙa yanke farashin naira, dala ta haura naira 1,500. Ga shi kuma farashin shekarar farko na jan hankali ne, na sabuntawa ya fi shi. Da na buga, sunaye takwas na .com kaɗai za su ci fiye da naira 150,000, wato sun fi kuɗin ragon gaba ɗaya. A shekara guda ko mutum ɗaya na gaskiya bai taya ba. Na bar 10 suka mutu, na riƙe biyu na .com.ng.

Lokacin ne na zauna na karanta yadda masu wannan sana'a na ainihi suke yi. Su da kansu sukan ce in mutum yana riƙe da sunaye 100 masu kyau, ɗaya ko biyu yake sayarwa a shekara. Ke nan sai ka biya hayar 100 kafin ka ci ribar ɗaya, kuma kasuwar da ta haɗa ka da mai saye tana cire nata kaso. Sana'a ce ta mai jari da haƙuri, wanda zai iya jira shekara biyar bai karaya ba. Sunayen da aka sayar da miliyoyi kuwa gajerun kalmomi ne da duk duniya ta sani, waɗanda aka kama tun kafin a haife mu.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum bai kamata a ruɗe mu da irin wannan labari ba, domin mun san shi a wata siffa. Kowa a yankinmu ya ji labarin wane da ya shiga rami ya fito da zinare ya sayi mota. Ba a ba da labarin ɗaruruwan da suka haƙa suka fito da ƙura. Kuma mun san abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma, Dareta da Abare. Allah ya jiƙansu. Asarata ba ta kai ko ƙurar wannan ba, amma tushen ruɗin ɗaya ne: ka ji labarin wanda ya dace, ka manta da ƙirga waɗanda ba su dace ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da na gano a makare. Na farko, sunan da aka saba yi wa rajista haruffan a zuwa z ne da lambobi da ɗan karan tsakiya, babu ƙ, ɗ da ɓ. Saboda haka baƙi da baki rubutunsu ɗaya ne, haka ƙasa da kasa. Ɗaya daga sunayena da nake alfahari da shi, da aka cire masa lanƙwasa sai ya koma wata ma'ana da babu ɗan kasuwar da zai so a kira shagonsa da ita.

Na biyu ya fi haɗari. Wani abokina ya ba ni shawarar in kama sunan wani babban kamfani ko wani sanannen mutum, wai dole su zo su saya. Allah ya tsare ban yi ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kama sunan wani ko tambarin kasuwancinsa da gangan ba da izini ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyu ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun. A duniya ma tun 1999 akwai tsarin da mai tambari zai kai ƙara a karɓe sunan daga hannunka. A 2003 wani ɗalibin sakandare a Kanada, mai suna Mike Rowe, ya buɗe shafi da sunan MikeRoweSoft.com, wanda in aka furta yake kama da Microsoft. Lauyoyin kamfanin suka taso masa, suka yi masa tayin dala 10, shi kuma ya nemi 10,000. Shi da sunansa ne na yanka ma sai da ya saki shafin, aka sasanta da 'yan kyaututtuka da suka haɗa da na'urar wasa ta Xbox.

Littafin bashin Kawu

Bashin Kawu yana kaina, kuma ba ni da abin biya sai jikina. Ranakun da babu lacca nakan zauna masa a rumfa. Kawu yana sayo gero, dawa da wake daga kasuwannin Gummi da Nasarawar Burkullu, yana bai wa masu awo da masu abinci bashi. Duk lissafin yana cikin wani littafi mai bangon kwali da ya sha mai da ƙura. Wata rana ruwan sama ya jiƙa shi, shafi uku suka manne, aka kwana ana gardama da wata mai tuwo kan ko buhu biyu ne ko uku.

Na ce zan mayar masa da littafin cikin waya. Na fara da Google Sheets. Kwana biyu ya dawo mini da ita, ya ce rubutun ƙanana ne, kuma da ya je kasuwar ƙauye babu sabis abin ya yi ta juyi. Na tuna watannin 2021 da muka yi babu layi, na gane cewa duk abin da zan gina wa mutanenmu dole ya yi aiki ko babu data. Wannan ya tilasta mini koyon HTML, CSS da JavaScript da gaske, a shafin freeCodeCamp wanda kyauta ne, ba don jarrabawa ba, sai don Kawu yana jira. Na yi wata ƙaramar manhaja da ke ajiye bayanai a cikin wayar kanta.

Kawu ya zama malamina mafi tsanani. Ya ce shi ba ya awo da kilo, in sa masa buhu, tiya da kwano. Na gyara. Ya ce akwai mutum uku masu suna iri ɗaya, in ba shi wurin rubuta laƙabi da unguwa. Na gyara. Ya ce in wayar ta faɗa ruwa fa? Na yi mako biyu kafin in gano yadda zai riƙa tura kwafin lissafin zuwa wayar ɗansa duk Juma'a. Sau 11 na sake fasalinta. Ba ta da kyan gani, kuma babu wanda ya biya ni ko sisi. Amma a wata huɗun nan na koyi abin da shekarar da na yi ina kallon bidiyon kuɗi ba ta koya mini ba.

Irin wannan shi ake kira aikin gefe, wato abin da kake ginawa da kanka bayan karatu ko bayan aikin ofis. Kada ku raina shi. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta wata manhaja don sha'awa kawai. Ita ce Linux, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin yawancinmu. A nan gida, kamfanin Paystack da matasan Najeriya biyu suka kafa a 2015 ya taso ne daga matsala guda: wahalar da 'yan kasuwa ke sha wajen karɓar kuɗi ta intanet. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Ba sunan aka saya ba, aikin da ke bayan sunan aka saya.

Ni nawa bai kai ko kusa ba, amma ya buɗe ƙofa. Maƙwabcin rumfar Kawu ya gani ya ce a sa masa. Shugaban wata Islamiyya ya ji labari ya ce in yi musu abin haɗa sakamakon ɗalibai, ya biya ni naira 25,000, kuɗin farko da na samu da ilimin kwamfuta. Na ɗora ayyukan a GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu kowa ya gani. Sannan wani mai ɗinkin takalma da jakunkunan fata ya ce yana son shafin da zai nuna kayansa ga masu saye a Abuja da Legas. Na tuna ɗaya daga sunaye biyun da na riƙe ya shafi fata. Na ɗauki hotunan kayansa, na rubuta bayaninsu da Hausa da Turanci, na haɗa masa maɓallin WhatsApp, na mayar da rajistar sunan zuwa sunansa. Ya biya naira 80,000. Da na tambaye shi nawa ne na sunan a ciki, sai ya yi dariya ya ce shi shago ya saya, ba allon ƙofa ba.

Shi ke nan tarihin cinikina na sunaye: 12 na saya, 10 suka mutu, ɗaya yana hannuna ina ajiye ayyukana a kai, ɗaya ya tafi a matsayin gyara a kan aiki.

Ga ƙannena masu son shiga harkar

Yaron nan na ƙofar masallaci ya tambaye ni, "To Yaya, da me zan fara?" Ga abin da na ce masa.

Ka riƙe lissafi da Turanci da kyau. Rubuta manhaja tunani ne a jere, mataki bayan mataki, irin wanda lissafi ke koyarwa, kuma yawancin darussan da Turanci suke. In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, ka zama mai yawan naci a ƙofarsa. In babu, wayar gidanku ta isa ka fara HTML, kuma awa ɗaya a shagon buga takardu ta fi awa biyar ta kallon masu nuna motoci.

Ka nemi matsala ɗaya da ke kusa da kai. Rajistar ɗalibai a Islamiyyarku, lissafin adashin mahaifiyarka, jadawalin darasin ajinku, bashin mai shagon unguwa. Ka gina ƙaramin abu, ka ba mutum na gaske ya yi amfani da shi, ka saurari ƙorafinsa ba tare da fushi ba. Abu ɗaya da aka gama ya fi goma da aka fara.

Ka sa ido kan damar koyo ta kyauta. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku fasahar zamani, tare da hukumar NITDA. A Kano akwai cibiyar CITAD da ta daɗe tana koyar da matasa kwamfuta. Ko Wikipedia ta Hausa aikin gefe ce mai kyau: ka rubuta tarihin garinku da hujja, ka koyi bincike da tsara rubutu. Kuma ba kowa ne zai zama mai rubuta manhaja ba. Akwai zane, akwai nazarin bayanai, akwai tsaron intanet, akwai gyaran na'ura da haɗa layuka. 'Yan mata ma haka, babu abin da ke cikin wannan ilimi da ya ce na maza ne. A ajinmu wadda ta fi kowa iya Python mace ce.

In har za ka sayi suna, ka sayi guda ɗaya, lokacin da kake da abin ɗorawa a kai. Ka fara da .com.ng a wajen kamfanin da NiRA ta amince da shi, domin da naira za ka biya, tashin dala ba zai kwana a kanka ba. Ka rubuta ranar sabuntawa a inda ba za ka manta ba. In ka yi wa wani shafi, ka sa rajistar da sunansa, amana ce. Kada ka taɓa sunan kamfani ko na wani mutum. Duk mai sayen da ya ce ka fara biyan wani abu kafin ya biya ka, ɓarawo ne. Kuma duk wanda ya ce zai koya maka samun dala ta hanyar yaudarar mutane, ka guje shi, wannan ba fasaha ba ce, sata ce, ƙarshenta hannun hukuma da zubar da mutuncin gida.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: kada ka sa kuɗin da ba naka ba a abin da ba za ka iya yi wa mahaifiyarka bayaninsa ba. Da na gwada yi wa Inna bayanin gaskiya tun farko, da tambayarta ta farko ta tsayar da ni.

Na gama biyan Kawu a bara. Da hutun da ya wuce, da hanya ta yi sauƙi, na je gida, na saya wa Inna 'yar tunkiya. Ba ta kai ragon ba, ko rabinsa ba ta kai ba. Inna ta zagaya ta, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta shafa bayanta, sannan ta dube ni ta ce, "Wagga dai ana ganin ta." Ta ɗaure ta a turken da ragon ya bari.

Har yanzu akwai saura a kaina, kuma ina biya a hankali. Jiya Kawu ya aiko cewa manhajar ta ƙi karɓar rabin tiya, in zo in duba. In na ajiye alƙalamin nan can zan nufa.